Zauren Tambaya da Amsa: Yaran Jos, Mutum-mutumi da Wuraren Kai Baƙi

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowa, kuma dukkansu daga cikin garin Jos suka fito. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ɗana yana da shekara 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma babu rediyo ko tocilar da ta tsira daga hannunsa a gidan nan. Yanzu ya matsa mini in bar shi ya shiga wata ƙungiyar yara masu koyon haɗa mutum-mutumi duk ranar Asabar, a wata makaranta da ke wajen Rayfield. Abu uku ke damuna: sunan abin bai kwanta mini ba, ina tsoron kada wasa ya cinye masa karatu, sannan ban saba barin yarana su tsallaka wancan ɓangare na gari ba. Daga wani uba, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da sunan, domin shi ya fi sauƙin warwarewa. Bahaushe a gona ya san mutum-mutumi, inda ake sa wa kara tsumma don tsoratar da tsuntsaye, daga baya masu fassara labarai suka ari kalmar suka laƙaba wa duk na'urar da ke aiki da kanta bisa umarnin da aka rubuta mata. Abin da yara ke farawa da shi a irin waɗannan ƙungiyoyi 'yar mota ce mai taya biyu ko uku, ba fuska, ba hannu, kuma girmanta bai wuce faranti ba. Hukuncin surar abu mai rai na malamai ne, amma ina ba ka shawara ka ga abin da idonka kafin ka kai musu tambayar, don kada ka tambayi hukuncin abin da ba shi ake yi ba.

Batun karatu kuwa, zan ba ka labarin abin da na gani. Kwanakin baya na leƙa wani aji na tarar da yara biyar durƙushe kewaye da farin kwali, an manna masa baƙin salatif a lanƙwashe kamar hanyar Hawan Kibo. A ƙarƙashin hancin motarsu akwai ƙananan idanu biyu masu haska ƙasa da wani haske da idon mutum ba ya gani. Fari yana maido da hasken, baƙi yana shanye shi, kuma da wannan bambanci ne motar ke sanin ko tana kan layi ko ta kauce, sai ta rage gudun taya ɗaya ta gyara. Da safe ta bi layinta lafiya lau, amma da hantsi ya dubi ludayi, rana ta shigo ta taga, sai ta bar layin ta nufi ƙofa kamar an yi mata kurciya. Biyu suka ce batir ne ya yi sanyi, ɗaya ya ɗora laifin a kan wanda ya haɗa wayoyi, har murya ta fara tashi. Wata yarinya da ba ta ce uffan ba tun da na shigo ta sa tafin hannunta ta yi wa hancin motar inuwa, nan take motar ta koma kan layi. Ashe hasken rana ma yana ɗauke da irin wancan haske, shi ya dallashe mata idanu. Suka yanki kwalin sukari suka yi wa idanun rumfa, aiki ya ci gaba. Na koyar shekaru masu yawa, kuma na san wuyar sa ɗalibi ya zargi abu uku, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya yarda cewa hasashensa na farko kuskure ne. Waɗannan yara sun yi haka cikin minti goma ba tare da bulala ba.

Lissafin da ɗanka ke hamma a kansa a aji ma yana jiransa a can. Akwai wata 'yar na'ura da ke hana motar karo da bango, wadda ke aiki kamar jemage: tana aika sautin da kunne ba ya ji, tana auna lokacin da ya ɗauka kafin ya bugi bango ya dawo. Tun da sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, dole yaro ya ninka gudu da lokaci, sannan ya raba biyu saboda tafiyar zuwa da dawowa ce. Idan ya manta rabawar, motar za ta ɗauka bango yana da nisa, ta kuwa kai masa karo a gaban abokai, kuma wannan kunya ta fi jan biro tasiri.

Ba ka tambayi kuɗi ba, amma zan faɗa don kada a cuce ka. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara su koyi tsara umarni, kyauta ce, ana kuma iya sauke ta a kwamfuta a yi aiki ba tare da intanet ba. Allon Arduino, wanda shi ne ƙwaƙwalwar yawancin waɗannan motoci, an ƙirƙire shi a Italiya a 2005, kuma da yake masu shi sun bar tsarinsa a buɗe, akwai ire-irensa masu araha, guda ɗaya yana isar yara huɗu ko biyar. Ƙananan injuna da tayu ana ciro su daga matattun motocin wasa da tsofaffin na'urorin kallon faifai, waɗanda ba a rasa su wajen masu gyaran rediyo ko 'yan gwangwan. Saboda haka idan aka ce sai ka biya kuɗin riga da hula da takardar shaida kafin yaro ya taɓa waya, ka yi taka-tsantsan. Kada kuma a ruɗe ka da zancen gasar ƙasashen waje. Gaskiya ne akwai irin su FIRST Global da aka fara a Washinton a 2017, kuma 'yan Nijeriya na halarta, amma ma'aunin ƙungiya ta gari shi ne bayan wata guda ka ce wa yaro ya nuna maka abin da ya lalace a hannunsa da yadda ya gyara shi. Sharaɗi biyu kawai za ka gindaya masa a gida: kada ya kusanci wutar soket, kada kuma ya ɓare batirin tsohuwar waya ko kwamfuta, domin irin wannan batir yana kama wuta idan aka huda shi.

Damuwarka ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Duk wanda ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 a garin nan ya san dalilin da ya sa unguwanni suka rarrabu, ya kuma san cewa da gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, mun rasa ɗaya daga cikin manyan wuraren da kowa ke gogar kafaɗar kowa. Sai dai akwai yaran da aka haifa bayan duk wannan, waɗanda suka san hotunan Dubai a waya amma ba su taɓa taka unguwar da ke kilomita biyar daga gidansu ba, kuma ban ga alherin da hakan zai haifar ba. Garin da kuza ta tara Birom da Afizare da Anaguta da Hausawa da Inyamurai da Yarabawa, wanda jirgin ƙasa ya iso shi daga Zariya tun 1914, kamfanin NESCO kuma ya kama samar masa da lantarki daga ruwan Kurra tun wajen 1929, garin makanikai ne tun asali, ɗanka gado ya yi. Ka raka shi da kanka ranar Asabar ta farko, ka gaisa da malamin, ka karɓi lambar wayar iyaye biyu ko uku, ka tabbatar ana tashi da sauran rana yadda zai riski la'asar a gida. Idan ka ga babu tsari, ka janye shi ba tare da jin kunyar kowa ba.

TAMBAYA: Malam, aure ne ya kawo ni Jos daga Sakkwato wata takwas da suka wuce. Iyayena da ƙannena za su zo ganin ɗaki a watan Disamba, za su yi kwana uku, ni kuwa daga gida sai kasuwa na sani. Ina zan kai su? Daga wata amarya, Rikkos.

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya, Malama. Kafin batun yawo, ki tanadi barguna da rigunan sanyi, ki kuma gargaɗe su tun suna gida, domin Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma a tsakiyar hunturu sanyin asuba yakan sauko kusa da digiri 10. Basakkwacen da ya zo da 'yar shara kaɗai zai yi alwalar da ba zai manta ba.

Rana ta farko ki ba gidan tarihi, wanda Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952. A can za su ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, kuma ɗaya daga cikin mafi shahara, wanda aka kai wa Fagg a 1943, an ce sai da ya yi aikin mutum-mutumi a gonar doya kafin a gane darajarsa. Amma abin da nake ganin zai fi ratsa zuciyar Baba shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke harabar, inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya da tubalin ƙasa da azara. Ki bar shi ya daɗe a ƙarƙashin bakan gizon rufin, kada ƙanne su gaggauta shi. Gidan zu yana maƙwabtaka da wurin, sai yaran su huce a can.

Rana ta biyu ta danganta da ƙarfin gwiwar dattawan. Gandun namun daji da aka buɗe a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, yana da faɗi da inuwa, ya kuma dace da shimfiɗa tabarma a ci abinci. Duwatsun Shere, da ke gabas da gari, ƙololuwarsu ta wuce mita 1,800, hawan samari ne, kuma ba a hawa sai da ɗan jagora. Magangarar ruwa ta Assop tana da nisan kusan kilomita 60 a kan hanyar Abuja, ga shi ruwan ya fi armashi da damina, saboda haka ni da zan bar ta sai wani zuwan.

Ranar komawa kuwa ki kai Inna kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da ake sauke kabeji da karas da koren wake da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu. A nan za ta yi tsaraba, a nan kuma za ta ji Hausar Jos a bakin matan ƙauye masu kayan gwari, wadda ta sha bamban da ta Sakkwato har sai ta yi dariya. Ki roƙi wata maƙwabciya ta koya miki gwaten acca kafin su iso.

TAMBAYA: Malam, yaran unguwarmu sun tsiri zuwa wanka a wani tafki idan an tashi daga Islamiyya ranar Alhamis, suna cewa ai sun iya iyo. Akwai haɗari? Daga wata uwa, Bukuru.

AMSA: Akwai, Hajiya, kuma babba. Yawancin tafkunan da ke kewaye da Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cike bayan an bar aiki. Kogi yana zurfafa a hankali, shi kuwa ramin kuza gaɓarsa a tsaye take, yaro yana cikin ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya kai shi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ruwan ƙasan yana da sanyin da ke ɗaure jijiya, gindin kuma laka ce mai riƙe ƙafa, saboda haka iya iyo ba ya fitar da mutum. Amfanin waɗannan tafkuna na masu noman rani ne da ke ban ruwa da su.

Faɗan uwa ɗaya ba zai hana ba, domin yara a ayari suke tafiya. Ki sa maigida ya kai maganar ga mai unguwa da malamin Islamiyyar, a sanar bayan sallar magariba, a kuma roƙi manoman bakin tafkin su riƙa kora duk yaron da suka ga ya tuɓe riga. Idan ruwan ne ke ba su sha'awa, a haɗa kuɗi lokacin hutu a kai su wurin shaƙatawa na Rayfield tare da manya biyu ko uku, kuma kada yaro ko ɗaya ya shiga kwalekwale sai an ɗaura masa rigar hana nutsewa.