Wasiƙar DWP ta iso: amsoshin tambayoyinku kan komawa Universal Credit

Tun watan Satumba na 2024 da hukumar DWP, mai kula da tallafin jama'a a Birtaniya, ta buɗe wuta wajen aika wa masu karɓar ESA, tallafin waɗanda ciwo ko nakasa ya rage musu ikon yin aiki, wasiƙar komawa Universal Credit, sabon tsarin da ya haɗe tsofaffin tallafi da dama wuri ɗaya, saƙonnin 'yan'uwanmu mazauna can suka yawaita. Na zaɓo huɗu daga ciki.

Wata baiwar Allah daga Manchesta ta rubuto: "Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, mun daɗe muna karɓar ESA da tallafin haya. Yanzu wasiƙa ta zo, an ba mu wata uku. Maƙwabciyata ta ce mu yi shiru da bakinmu, wai in muka koma kuɗin zai ragu. Ya zan yi?"

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan jinya. Don Allah kada ki yi shiru. Ba a mayar da mutum sabon tsarin kai tsaye, sai shi da kansa ya nema. Idan ranar da ke jikin wasiƙar ta wuce ba ku nema ba, za a tsayar da ESA ɗin da kuɗin hayar, ku wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi miki gaba ɗaya ba. Akwai ƙarin kuɗi da tsohon tsari ke ba masu matsananciyar nakasa wanda babu irinsa a Universal Credit. Saboda haka ne aka tanadi cikon giɓi: za a duba abin da kuke karɓa a da, a duba abin da sabon tsari zai ba ku, idan ya gaza a cika muku. Sharaɗin kawai shi ne ku nema bayan wasiƙa ta zo, kuma kafin wa'adi ya cika. Sai dai ki sani cikon ba ya ƙaruwa. Duk lokacin da aka ƙara wa sauran ɓangarorin tallafinku wani abu, in ban da kuɗin renon yara, sai a zaftare daidai wannan daga cikon, har wata rana ya ƙare. Rabuwar aure ma tana kashe shi nan take.

Idan maigida yana rukunin da aka ɗauke wa neman aiki a ESA, matsayin nan zai biyo shi, ba sai an sake gwada shi ba don kawai ya koma. Amma ku biyu ne za ku nema tare, kowa ya buɗe shafinsa a intanet a haɗa su da lambar da za a ba ku. Kuma kada ki manta da kanki: in kina jinyarsa awa 35 ko fiye a mako, shi kuma yana karɓar ɓangaren hidimar yau da kullum na PIP, wato tallafin masu nakasa ko ciwo mai daɗewa, akwai kason mai jinya da ya kamata a saka miki. Mata da yawa ba sa faɗa, suna ganin hidimar miji ai ba abin lissafi ba ce. Ladanki yana wurin Allah, wannan kuma haƙƙinki ne a dokar ƙasar.

Inda ake jin jiki shi ne farkon shiga. Kuɗin farko yana ɗaukar kusan mako biyar. ESA da tallafin haya za su ci gaba na mako biyu bayan kun nema, daga nan sai jira. Za a yi muku tayin a ba ku wani abu tun kafin lokaci. Bashi ne, babu ruwa a kansa, amma ana cirewa duk wata har tsawon wata 24. Shawarata, ki zauna da biro da takarda ki lissafa cefane da wuta da gas na waɗannan makonni, ki karɓi iya wannan, ko da an ce kin cancanci fiye. Sannan biyan zai koma wata-wata maimakon mako bibbiyu, kuma kuɗin haya hannunku zai riƙa shigowa. In kina tsoron a taɓa shi, ki nemi a riƙa tura wa mai gidan kai tsaye. Rangwamen harajin kansila kuwa ba ya cikin Universal Credit, wurin ƙaramar hukuma ake nemansa.

In wa'adi ya matso ba ku shirya ba, ki buga lambar da ke jikin wasiƙar ki nemi ƙarin lokaci kafin ranar ta cika. 'Yan ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice kuma suna taya mutane cike takardar neman kyauta. Duk wanda ya ce ki biya shi ya cike miki, ki riƙe kuɗinki.

Na biyu daga wani magidanci ne a Landan: "Ina da ajiyar fam 11,000. Ina tunanin in tura gida a saya min fili a Kano kafin in nema, don kada a rage min."

Malam, ban goyi bayan wannan ba, kuma ba zai ma yi maka aiki ba. Bari mu fara da lissafi. Ƙasa da fam 6,000 ba a taɓa maka komai. Daga 6,000 zuwa 16,000 ana rage fam 4.35 a wata kan kowane fam 250. Naka ya haura da 5,000, wato fam 87 a wata. Sama da 16,000 ne tallafin ke tsayawa, kai kuma ba ka kai can ba.

Filin Kano dukiya ce a idon DWP kamar kuɗin banki, domin kadarar da ke ƙasar waje ma ana ƙirga ta. In kuma suka gano ka kashe kuɗi ne don tallafinka ya ƙaru, sai su lissafa kamar kuɗin yana nan. In ka ɓoye, daga baya za a ƙwaci duk abin da aka biya ka fiye da kima, ban da zargin zamba. Abin da doka ta yarda da shi shi ne biyan bashi na gaskiya, da sayen abin da halinka ke buƙata: keken guragu mai batir, gadon da ya dace da ciwonka, firji in naka ya mutu. Ka adana rasit ɗin kowanne. In kana da kaso a gidan gado a gida, shi ma ka faɗa, su duba ko yana cikin lissafi.

Wata 'yar'uwa ta tambaya ko za ta iya zuwa Umara ta wuce gida ta yi wata biyu. 'Yar'uwa, Universal Credit wata ɗaya ya yarda ki yi a waje. Ana iya ƙara wata guda in rasuwa aka yi miki ta makusanci, ko har wata shida in magani kika fita nema. PIP ya fi sassauci, yana kaiwa mako 13. Ki yanki tikitinki a kan wata ɗaya, ki kuma rubuta musu a shafinki kafin ki tashi.

Ta ƙarshe uwa ce: "Ɗana mai sikila zai cika shekara 16, an ce DLA ɗinsa zai ƙare, sai PIP. Kuma muna shirin sayen mota saboda zirga-zirgar asibiti."

Maman yaro, Allah ya ƙara masa lafiya. DLA tallafin yara masu nakasa ne, shi ya sa ake komawa PIP a wannan shekarun. Idan wasiƙar gayyatar neman PIP ta zo, kwana 28 gare ku ku fara nema. In kun yi a kan lokaci, DLA zai ci gaba har a yanke hukunci. In yaron ba zai iya tafiyar da lamarin da kansa ba, ki nemi a naɗa ki wakiliyarsa.

PIP ba ya duba sunan ciwo, yana duba abin da ciwon ya hana mutum yi: girki, wanka, sa tufafi, tafiya. Maki ake bayarwa, 8 na ƙaramin mataki, 12 na babba. A nan ne tarbiyyarmu ke cutar da mu ba mu sani ba. An koya wa yaro in aka ce "ya jiki" ya ce "da sauƙi", ko da ya kwana yana murƙususu. Mai tantancewa kuwa abin da ya ji shi zai rubuta. Ki zaunar da shi ki nuna masa faɗin gaskiyar ciwo ba rashin godiya ga Allah ba ne. Tunda sikila tana tashi tana lafawa, ku fara rubuta yadda kowace rana ta kasance tun yanzu, domin ana duba halin da yake ciki a fiye da rabin kwanaki, da kuma ko yana iya yin abu ba tare da haɗari ba, a maimaice, cikin lokacin da ya dace. Ku haɗa da takardun likitan jininsa da na kwanciyar asibiti.

In aka hana shi, kuna da wata ɗaya ku nemi DWP ta sake dubawa, in ba ta canza ba ku ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sauraron irin wannan, wadda ba a ƙarƙashin DWP take ba. Motar kuwa ku dakata tukuna. In ya samu babban mataki a ɓangaren zirga-zirga na PIP, tsarin Motability zai ba ku hayar mota da inshora da gyara a madadin wannan kason, sai ku gwada shi da farashin wadda kuka yi niyyar saya.