Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya ko ta biya kuɗin manhajar ƙirga taku

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki. Ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce likita ya sa ki tattaki saboda suga da hawan jini, kin sauke manhajar ƙirga taku ta kyauta, talla ya ishe ki, yanzu kullum suna tura miki saƙo ki biya kuɗin wata-wata a cire tallan, ko ki biya ne? Don Allah kar ki yi saurin sa katinki, tsaya ki ji nawa tukuna.

Ni ma da ta kyauta na fara. Tallan caca, tallan masu ba da bashi ta waya, wani lokacin ma hotunan mata da ba za ki so yaranki su leƙo su gani ba, kuma da sauti zai taso. Kin dawo tattakin asuba kina haki, so kike kawai ki ga taku nawa kika yi, sai kin jira bidiyo ya ƙare, kuma datarki yake sha, ga ta ta yi tsada tunda hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kashi 50 a farkon 2025. Na daure saboda komai nawa yana ciki, awon sugan safe, nauyina, abin da na ci, duk a nan nake rubutawa.

Ranar da ba zan manta ba, ana gobe zan ga likita, da daddare na buɗe in haɗa lissafin watannin baya tunda shi ya ce in zo da shi don ya duba ko zai canja min magani. Sai na ga hoton kwaɗo a kai. Na sati ɗaya kawai suka bar min, sauran wai sai na biya. Abin da ni na soki yatsana kowace safiya na auna, ni na rubuta da hannuna, shi aka kulle min! Wallahi hannuna har rawa yake. Suka ce akwai gwaji kyauta na kwana bakwai amma sai an sa kati, yarona babba ya ga hankalina ya tashi ya sa katinsa na dala, muka buɗe, na je asibiti na dawo, ya goge manhajar daga wayar. Sati na zagayowa sai ga alat, sun cire kuɗin shekara guda cur. Ashe goge manhaja ba ya tsayar da biya, kuma ba inda suka faɗa da manyan baƙi, can ƙasa suka cusa shi da ƙananan rubutu cikin Turanci. Kuɗin rajistar makarantarsa ne yake tarawa a katin. Yaron nan bai ce min uffan ba, "ba komai Mama" kawai ya ce ya shige ɗaki, wannan shirun nasa ya fi min ciwo a kan kuɗin. Mun tura musu imel ya fi a ƙirga, amsa iri ɗaya ke dawowa, ba mutum ba ne ma yake amsawa. A satin nan jinina ya hau fiye da yadda yake kafin na fara tattakin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, masu ciwo suka samu su yi wa haka, Allah ya isa.

Daga baya ne yaron ya zauna ya nuna min cewa haka kasuwar take tafiya har a manyan, ba ƙananan irin wadda ta cuce ni kaɗai ba. MyFitnessPal da ake lissafin abinci da ita, kamfanin kayan wasanni na Under Armour ya saye ta dala miliyan 475 a 2015, wanda ya zuba wannan kuɗin ai dole ya nemi hanyar mayar da shi, ko ta talla ko ta aljihunki. A Oktoban 2022, bayan ta koma hannun wani kamfanin, suka mayar da sikanin lambar jikin kwalin abinci sai wanda ya biya, alhali shekara da shekaru kyauta ne. Strava ta masu gudu da keke ita ma a 2020 ta kwashe wasu abubuwan ta mayar na masu biya. Sai kin saba, kin tara tarihinki a ciki, sannan a sa ƙofa.

Kuma farashin nan da mutanen Amurka aka yanka shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, abin da yake kuɗin shayi a wurinsu mu kuɗin maganin wata ne.

Af, tunda na tuna, ki shiga saitin ki kashe nuna wa mutane hanyar da kike bi. A 2018 taswirar Strava ta tona inda sansanonin sojojin Amurka suke a Afganistan da Siriya, daga gudun motsa jikin sojojin kawai. To ina ga mace da take bin lungu ɗaya kullum bayan asuba? A shekarar dai aka yi wa MyFitnessPal kutse aka kwashi bayanan asusu kusan miliyan 150, ba a ware mai biya da marar biya ba. Ni yanzu ba na sa cikakken sunana ko hotona a irin waɗannan.

Abin da ya fisshe ni shi ne akwai na kyauta da ba su dogara da talla ba don wani abin suke sayarwa. In Samsung ce a hannunki akwai Samsung Health, sun cire talla a ciki tun 2021. iPhone da kanta take ƙirga taku. Nike Run Club kyauta ce don su takalmi suke so ki saya. Ko wadda kike da ita ɗin ma ki gwada kashe data kafin ki buɗe, ƙirga taku ba ya buƙatar intanet, wayar ce take jin motsinki, yawancin tallan ba zai samu shigowa ba. Awon suga da na jini kuwa ki sayi littafi na makaranta ki riƙa rubutawa da biro, shi nake kai wa likita yanzu.

Kar kuma taku 10,000 ɗin nan da ake cewa a yi kullum ya tayar miki da hankali in sun nuna miki ja wai ba ki cika ba, daga tallan wata na'urar ƙirga taku ta Japan ya samo asali a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati ta ce, wato minti 30 sau biyar. Ki riƙa sa dabino a jaka saboda faɗuwar suga a hanya, musamman in kina allura.

Ban ce biyan haramun ba ne, mai gudu sosai da yake son tsarin atisaye zai iya amfana, kuma gaskiya ba ya ganin tallan banza. In kin matsu sai kin biya, ki zaɓi na wata ɗaya, kar ki taɓa na shekara, kuma a ranar ki shiga Play Store ki danna hotonki ki nemi wajen biyan kuɗi ki soke sabuntawar, watan da kika biya zai ci gaba da aiki har ya ƙare. In kin riga kin danna gwajin kyauta ki je ki duba yanzun nan. Wace waya ce a hannunki? Ki faɗa min, in yaron ya dawo in sa ya rubuto miki yadda za ki saita.