Kamun Kifi a Kan Tafkin da Ya Daskare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Minesota ta Amurka, kuma abokan karatuna sun gayyace ni kamun kifi a tafkin Mille Lacs cikin watan Janairu. Sun ce za mu hau kan ƙanƙara, mu huda ta, mu kama kifayen da suke kira walleye da perch. Shin kifi yana iya rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara? Kuma ta yaya mutum zai tabbatar ba za ta burme da shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kifi yana nan da ransa, domin tafki daga sama yake daskarewa. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Selshiyas, saboda haka wannan ruwan ne yake sauka ƙasa ya zauna, ƙanƙara kuwa ta yi iyo a sama, ta zama murfi mai kare abin da ke ƙarƙashinta.

Kifayen nan biyu dangi ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta, kuma wanda bai san wannan ba zai iya wuni bai kama ko ɗaya ba. Perch ƙarami ne mai ruwan ɗorawa da baƙin ratsi, yana yawo garke-garke da rana tsaka, don haka idan ka ciro ɗaya, ka gaggauta mayar da ƙugiya kafin sauran su wuce. Shi kuwa walleye, wanda Minesota ta ayyana a matsayin kifin jiha a 1965, a bayan idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda yake ba shi damar gani a cikin duhu. Shi ya sa ya fi cin koto da asuba da kuma gab da magariba, lokacin da yake fitowa farautar ƙananan kifaye, har da perch ɗin kansa.

Masunta suna huda rami mai faɗin inci 6 zuwa 10, su saƙala ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, su saukar da shi kusa da ƙasan tafki, suna ɗan girgiza gajeriyar sandar fatsa. Wasu kan kafa wani katako a bakin rami, wanda tutarsa take miƙewa da zarar kifi ya ja zare. Kada ka fita sai da lasisi, kuma ka duba ƙa'idar bana, domin adadi da girman walleye da aka yarda a ɗauka a Mille Lacs suna sauyawa.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta ce kada mutum ya taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato kimanin santimita 10, kuma wannan lissafin na sabuwar ƙanƙara ce mai garau. Fara, wadda ta gauraya da dusar ƙanƙara, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, sai a ninka kaurin. Ido ba ya auna wannan, ganin motoci a tsakiyar tafki kuma ba hujja ba ce, domin kauri yakan ragu ƙwarai a mashigar kogi da duk inda ruwa ke gudana a ƙasa. A riƙa hudawa ana aunawa yayin da ake tafiya.

Ka rataya ƙusoshin ceto guda biyu a wuyanka, wato ƙarafa masu tsini da mariƙi da aka haɗa da igiya. Idan, Allah ya kiyaye, ka faɗa, ka juya ta inda ka fito, ka caka su a ƙanƙara, kana harba ƙafafu har ka hau, sannan ka mirgina nesa da ramin kafin ka miƙe. Idan kuma abokanka sun kunna abin ɗumama ɗaki mai aiki da gas a cikin bukkar da suke kafawa a kan ƙanƙara, ka nace a bar kafar shan iska a buɗe, domin iska mai guba da abin yake iya fitarwa, wadda take kashe mutum, ba ta da launi, ba ta da wari.