Tambaya da Amsa: Rediyon kaka yana gurnani, wace kondansater zan sa mashi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni daga unguwar Zariya nan Maradi nake rubutowa. Akwai wani tsohon rediyo Philips mai akwatin katako da kakanmu ya saya tun zamanin cinikin gyaɗa, irin mai kwalabe a ciki da suke yin ja in ya ɗau zafi, ya fi shekara 30 a ɗaki ba a taɓa shi ba. Na jona shi a wuta ya kama amma sai gurnani huuum kawai yake, kuma na ji wari kamar abu na ƙonewa sai na cire. Mai gyara ya ce kondansater ne suka mutu, ya ce zai ciro na tsohuwar talabijin ya sa. In bar shi ya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko don Allah kar ka sake jona shi, ko na minti ɗaya ne, wannan warin da ka ji ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Mai gyaranka ya gano ciwon daidai, maganin ne ban yarda da shi ba.

Gurnanin daga babbar kondansater yake, wadda 'yan Kano ke ce wa kafasita, ita ce gwangwanin alminiyon da ke tsaye kusa da transfo, sau da yawa za ka ga an rubuta 50+50 µF (µF shi ne awon girmanta) da 350 V a jikinta, wato guda biyu ne a gwangwani ɗaya. Aikinta tace wuta, akwai ɗan ruwan magani a cikinta kuma shekara sittin da zafin watan Afrilu na Maradi sun isa su busar da shi ƙarƙaf. Yau ba a cika yin 50 ba, 47 µF ake yi, shi za ka saya guda biyu masu 450 V, in ka samu masu rubutun 105°C ka fifita su a kan masu 85°C saboda cikin akwatin nan tanda ne. Volt ya wuce na asali ba komai, ya gaza ne matsala. Amma yawan µF kar a ƙara, nan ne na talabijin ke yin ɓarna, don nasu yakan kai 100 ko 220, ita kuwa kwalbar EZ80, in ita ce a cikin naka, da ke mayar da wutar gida ta zama ta tsaye irin ta batir, iyakar abin da aka yarje mata 50 µF ne, in aka ɗora mata fiye da haka duk kunnawa wahala take sha har ta mutu, ga shi kuma na talabijin ɗin ma tsoho ne ya ci nasa zamanin. A kula da ƙafar + da ta −, in aka juya fashewa take yi.

Abin da ya fi damuna ba babbar ba ce, ƙananan ne na takarda, waɗanda aka lulluɓe da kaki ko baƙin abu kamar kwalta. Waɗannan ba sa ihu, a hankali suke yoyon wuta. Akwai guda ɗaya da ke kai sauti zuwa kwalbar EL84, mai tura lasifika, in ta fara yoyo sai kwalbar ta riƙa jan wuta fiye da ƙima ta yi zafi har ta ƙone ƙaramin transfon lasifika, shi kuma wannan ba ka samun shi a kasuwa sai dai ka yanka wani rediyon. Na taɓa buɗe wani rediyo Grundig, zanzaro ya yi gini a kusurwa ƙurar hunturu ta yi kauri kamar bargo, na tarar da wannan 'yar kondansater ta tsage kakin ya narke ya zubo kan waya, transfon ya riga ya tafi, wallahi raina ya ɓaci don abin da ya kashe shi bai kai kuɗin shayi da burodi ba. To duk na takardan nan a canza su da na roba masu 630 V, ko da mita ta nuna kamar lafiyarsu lau, don mitar hannu da ɗan batirinta ba ta ganin yoyon da ke fitowa a 250 V. Lambobin ma sun ɗan sauya: inda aka rubuta 0.05 a sa 0.047, inda 0.02 a sa 0.022, in ka ga 10000 pF shi ne 0.01 µF, bambancin nan rediyo ba ya jin shi.

Su kuma 'yan ƙananan na tangaran da na ma'adinin mika da ke wajen neman tasha, a ƙyale su. Da wuya suke lalacewa, in aka taɓa su tashoshi za su gushe daga inda suke a allo. In akwai wadda ke haɗe kai tsaye da wayar wutar gida, tata daban ce, sai mai alamar X2 in tsakanin wayoyin biyu take, ko Y2 in zuwa ƙarfen jiki ta tafi. Kuma ɗaya bayan ɗaya za a riƙa cirewa ana sawa, ku ɗau hoto da waya kafin a sa dalma.

Sai maganar rai. Duba sunan kwalaben, in da U suka fara kamar UL84 ko UCH81, galibi rediyon ba shi da babban transfo kuma ƙarfen jikinsa na iya ɗaukar 220 V gaba ɗaya, kar yaro ya kusance shi a buɗe. Ko an cire shi daga wuta babbar kondansater tana iya riƙe caji, a sauke shi ta rezistans, ɗan abin da ke rage gudun wuta, tukuna. A bayan rediyon akwai ɗan maɓallin zaɓen 110, 127 ko 220, tabbatar yana kan 220. Ranar kunnawar farko a sa ƙwan fitila irin na da mai zare, 60 W, a jere da rediyon, wato wutar ta bi ta cikin ƙwan kafin ta shiga rediyon: in ya haska ya dushe to madalla, in ya tsaya da haske sosai a kashe, da sauran aiki.

In babbar kasuwa ba a samu masu 630 V ba, ka ba direban Kano saƙo da lambobin a rubuce ya duba maka a Sabon Gari. In ya tashi ka ɗaura mashi doguwar waya ka gwada gajeren zango da daddare, ka rubuto ka gaya mani wace tasha ya fara kamawa.