New Nigerian ta Sardauna ce ko ta Gwamnatin Tarayya?

Tambaya: Malam, mahaifina ba ya kiran New Nigerian sai da "jaridar Sardauna". A makaranta kuwa an ce mana ta Gwamnatin Tarayya ce, yanzu kuma ina jin ana cewa ta gwamnonin Arewa ce. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ɗana, duka ukun gaskiya ne, kowa dai zamaninsa yake faɗa.

Tushen abin a Zariya yake. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam ne editanta, yana aiki tare da Dokta Rupert East. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, shi ne kuma ya fito da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen a 1948. Dukkansu kuɗin hukuma ne ke ɗauke da su.

Bayan samun 'yanci, jaridun Legas da Ibadan sun yi ta yi wa Arewa ruwan suka, ga shi Citizen ba kullum take fita ba, balle ta rama. Shi ya sa gwamnatin Jihar Arewa ta Sir Ahmadu Bello ta kafa jaridar kullum a Kaduna. New Nigerian ta fito ran 1 ga Janairun 1966, Sardauna kuwa aka kashe shi ran 15 ga watan. Wato mako biyu kacal ya ga jaridarsa. Amma mahaifinka bai yi kuskure ba, don shi ya ɗora harsashinta, sai dai ba da kuɗin aljihunsa ba.

Da Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967, sai jaridar ta koma hannun hukumar da ke kula da kadarorin haɗin gwiwar jihohi shida na Arewa. A ganina nan ne ta yi tashenta. Adamu Ciroma da Mamman Daura sun riƙe kujerar edita, kuma sharhin da take bugawa a gefen shafin farko, har a Barikin Dodan, fadar gwamnatin soja a Legas a lokacin, ana karanta shi da natsuwa. Jaridar gwamnati ce, amma tana iya gaya wa soja magana.

A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe ta baki ɗaya, ta kuma karɓi kashi 60 cikin 100 na Daily Times. Nan malaminku ya tsaya. Shekara talatin da 'yan kai tana hannun Tarayya, Gaskiya Ta Fi Kwabo na ƙarƙashin inuwarta, har zamanin Obasanjo aka mayar da ita ga jihohin Arewa 19.

To, a nan gizo ke saƙa. Kamfanin da ke da iyaye 19, idan kuɗin takarda da albashi suka taso, kowa sai ya zura wa ɗan'uwansa ido. Bashin albashi ya taru, ma'aikata suka shiga yajin aiki, injin ya yi shiru a ginin nan na titin Ahmadu Bello.

Kada ka ɗauka hukuma kaɗai ta buga jarida a garin nan. Isma'ila Isa Funtua ya yi The Democrat, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi The Reporter, Abidina Coomassie ya yi Today. Yawancin irinsu ƙarfin mai su suke bi, in ya gaji ko siyasa ta juya masa baya, sai su kwanta. Wadda ta tsallake ita ce Weekly Trust, da Kabiru Yusuf da abokansa suka fara a Kaduna a 1998. Ita ma da ta haifi Daily Trust a 2001, Abuja ta nufa, inda masu ba da talla suke.