Daga buga banar talla zuwa kolaj: na makara ne?

Tambaya: Salam Malam. Shekara bakwai ina aikin dizayin a Sabon Gari, banar talla, katin biki, kalanda, fostar 'yan siyasa, duk da manhajar CorelDraw. Yanzu raina ya koma kan kolaj, wato a yanka takarda da yadi da hotuna a liƙa a bi da fenti. Na makara ne? Kuma dole sai na shiga ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka makara ba wallahi, shekara bakwai ɗin nan ma jari ne. Wanda ya saba cusa hoton ango da amarya da sunayen 'yan kwamiti cikin kati ɗaya kuma ya fito tsaf, ai ya riga ya san inda ido ke fara sauka, kuma rabin kolaj ke nan. Barbara Kruger ta Amurka a mujallar Mademoiselle ta fara dizayin, daga baya ta ɗauki salon tallan nan, hoto baƙi da fari da rubutu a kan ja, ta mai da shi aikin da ake ratayewa a manyan gidajen nuni.

Inda za ka sha wuya shi ne hannu. A kwamfuta in ka yi kuskure sai ka koma baya, nan kuwa in almakashi ya ci ya ci, kuma babu kwastoman da zai ce maka ƙara ja ko ƙara girman suna, kai ne za ka san me kake son faɗa, wannan shi ke rikita yawancin 'yan dizayin, sai su yi aiki mai tsafta kamar fosta amma ba ya cewa komai. Don haka kada ka sauke hotuna daga intanet. Tattaro kayan garinmu, ƙyallen atamfa da shadda daga wurin tela, guntun fata daga dukawa, buhun taki, tsohuwar kalanda, har ɓatattun bugun shagonku.

Batun gam kuma ka kula sosai. Farin gam irin Top Bond da ɗan ruwa kaɗan ya isa takarda da yadi. Kada ka liƙa da koko ko sitaci, kyankyaso da gara za su cinye maka aiki. Ka yi a kan katako, ka shafe shi gaba da baya, in ba haka ba damina ta jiƙa shi hunturu ya busar sai ya lanƙwashe. Jarida tana komawa ruwan ɗorawa in ta sha rana. Ledar bana ba ta kama farin gam, ɗinke ta za ka yi, ai El Anatsui, shahararren mai fasaha ɗan Ghana, ma da wayar tagulla yake ɗinke murafan kwalba.

ABU ba dole ba ce, amma kada ka yi nesa da ita. A garin nan na Zariya masu zane su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka yi ƙungiyarsu ta 1958 tun suna ɗalibai, kafin ma a kafa jami'ar a 1962, kuma kiransu shi ne a haɗa dabarar waje da kayan gida. Ka riƙa leƙa sashen zane a Samaru kana nuna aikinka a faɗa maka gaskiya. Shagon kuma kada ka rufe shi yanzu, shi zai saya maka fenti. Yi ƙanana guda goma tukuna, girman A4, ka turo min in gani.