Wane katin hoto zan saya da zai yi aiki a Windows da Linux da Mac?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kano inda muke tace bidiyon biki da na walima, muna kuma tsara katin gayyata da fosta. Bana na ƙara da koyar da yara kwamfuta da yamma. Kwamfutocin tebur shida gare ni, ɗaya ta aiki, biyar na ɗalibai, duk Windows ce a kai. Malamin da na ɗauka yana so a sa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, a gefe saboda darasin rubuta manhaja, wani yarona kuma ya ce zai iya ɗora musu manhajar Mac mu riƙa aiki da Final Cut, manhajar tace bidiyo ta kamfanin Apple. Ina so in sayi katin hoto, wato katin da ake jona wa kwamfuta don sarrafa hoto da bidiyo, iri ɗaya guda shida don a yi mini farashin sari. Wani mai kaya ya ce in ɗauki RX 580 na hannu, wai kowace manhaja yana ɗauka, ga araha. Jarina ba shi da yawa. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a kasuwa, ya kuma saka maka da alheri kan yaran nan da kake koyarwa.

Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, rabin magana dai ya gaya maka. RX 580 yana cikin 'yan katunan da Windows da Linux da macOS, wato manhajar Mac, duk suka sani. Amma shawarata ita ce kada ka sayi shida iri ɗaya, kada kuma ka bar maganar Mac ta zaɓar maka kati. Kwamfutocin nan shida ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗaya ce ke kawo kuɗin cefane da na haya, sauran biyar aji ne. Wanda ya saya musu kaya iri ɗaya, ko dai ya ƙware ta aikin, ko ya yi almubazzaranci a kan na ajin.

Abin da ke sa kati ya yi aiki a wata babbar manhaja ya ƙi a wata shi ne direba. Direba wata 'yar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin katin da kwamfutar. In babu tafinta, ko katin miliyan biyu ka jona, allo ne kawai zai kawo maka da kyar, ko ma ya ƙi. Kamfanoni uku ne ke ƙera zuciyar katunan nan: Nvidia da AMD da Intel. Sunayen da kake gani a jikin kwali irin su Asus, MSI, Gigabyte ko Sapphire, masu haɗa gangar jiki ne da fanka. A Windows dukkan ukun suna da direba, babu abin damuwa. Rigimar tana wajen sauran biyun.

Mu fara sallamar maganar Mac, domin nan ne kuɗinka zai fi saurin zurarewa. Apple da Nvidia sun raba gari tuntuni. High Sierra ta 2017 ita ce macOS ta ƙarshe da Nvidia ta fitar wa direbanta. Daga Mojave ta 2018 aka rufe ƙofa. Saura AMD, su ma ba duka ba: RX 580 da RX 6600 da RX 6800 suna aiki, amma RX 6700 XT da ke tsakaninsu Apple bai taɓa sa masa direba ba, haka duk jerin RX 7000 da na bayansu. Sannan tun Nuwamban 2020 Apple ya koma ƙera nasa injin, M1 da 'yan'uwansa, waɗanda ba sa karɓar katin hoto na waje sam. A 2025 kuma kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu injin Intel. Dabarar da yaronka yake son yi ta dogara ne kacokan a kan wannan tsohon layin na Intel, ka ga ke nan hanya ce da aka riga aka sanar da ranar rufe ta. Ƙari a kan haka, sharuɗɗan Apple sun hana a ɗora macOS a kan injin da ba nasa ba. Ban ga laifin yaron ba, son koyo ne ya sa shi, kuma irin wannan ƙwazon abin a riƙe ne. Amma shagon da ya karɓi kuɗin amarya ya ce ranar Alhamis za a ba da bidiyo bai kamata ya jingina da injin da sabuntawa ɗaya za ta iya kwantar da shi ba. In ranar ta zo da aikin Final Cut ya zama dole, ka sayi Mac na gaskiya. Mac mini mai M4 ya fito a ƙarshen 2024 a kan dala 599, shi kuma Final Cut Pro dala 299.99 ne. Kafin nan akwai DaVinci Resolve, shi ma na tace bidiyo, wanda ake samu kyauta kuma yana hawa manhajojin uku, yaron ya sa ƙwazonsa a can.

Da Mac ta fita, lissafi ya dawo kan Windows da Ubuntu, kuma nan zan yi maka tambayar da mai kaya ba zai yi maka ba: yaran ajin nan, me suke yi da ke buƙatar katin hoto? In darasin buga rubutu ne da Excel da rubuta manhaja da shiga intanet, to hoton da ke haɗe a cikin injin Intel ɗin kwamfutar ya wadatar, kuma Ubuntu tana gane shi da kanta ba tare da an sauke komai ba. Na sha ganin masu cibiyar koyarwa sun zuba kuɗi a katin hoto alhali abin da ke sa kwamfutarsu nauyi tsohon hadis ne, wato faifan ajiyar bayanai, da ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita. Kuɗin kati ɗaya zai iya saya wa kwamfutoci biyu ko uku SSD, wato hadis na zamani mai sauri, da ƙarin RAM, kuma wannan canjin ɗalibi zai ji shi tun daga kunnawa. Don haka cikin biyar ɗin, ka ware biyu kawai ga masu koyon tace bidiyo da zane, su za ka saya wa kati. Ukun ka bar su yadda suke.

Su waɗannan biyun, AMD nake ba ka shawara. Dalili shi ne direban AMD yana cikin Linux ɗin kansa, a buɗe yake, da shi ake sauke Ubuntu. Ka jona kati, ka kunna, shi ke nan. Nvidia ma yana aiki a Linux, kuma ya gyaru sosai tun da kamfanin ya buɗe wani sashe na direbansa a Mayun 2022, amma har yanzu sai an ɗora masa direba daban, kuma wani lokacin bayan sabuntawa sai an sake lallaɓa shi. A aji inda yara goma ke taɓa inji ɗaya a rana, ba ka son abin da zai sa malami ya ɓata rabin darasi yana gyara. Wanda na fi natsuwa da shi a nan RX 6600 ne: ya fito a Oktoban 2021, ma'ajiya mai gig 8 gare shi, wat 132 yake ci, kuma ya daɗe har direbansa ya zauna a Ubuntu 22.04 da 24.04. In ma yaronka ya nace sai ya gwada macOS a lokacinsa na hutu, wannan katin yana cikin waɗanda ta sani. Wannan gyara ce aka ɗora maka a kan mudu, ba ita ka je saye ba.

Katunan Intel Arc ma suna da kyau a Linux, B580 mai gig 12 ya fito a Disamban 2024 a kan dala 249. Sai dai suna buƙatar wani saiti da ake kira Resizable BAR, wanda sai injin Intel na ƙarni na 10 ko Ryzen 3000 zuwa sama. In kwamfutocinka tsofaffin na ofis ne, ka ƙyale shi.

Kwamfutar aiki kuwa hukuncinta daban. Ita ka bar ta a Windows kaɗai, kada kowa ya raba mata hadis. Premiere da Photoshop da CorelDRAW da kuke cin abinci da su ba su da na Linux. Shi ma Resolve na kyauta, a Linux ba ya buɗe bidiyon H.264 da H.265, wato irin wanda yawancin wayoyi da kyamarorin biki ke ɗauka, sai an juya shi tukuna. A wannan injin Nvidia ya fi dacewa, saboda fasaharsa ta CUDA wadda manhajojin tace bidiyo da Blender ta zanen 3D da sababbin kayan aikin ƙirƙirarriyar basira suka fi sabawa da ita. RTX 3060 mai gig 12, wanda ya fito a Fabrairun 2021 kuma yake cin wat 170, har yanzu dokin aiki ne ga shago irin naka. Ka lura, akwai wani RTX 3060 mai gig 8 da aka fitar daga baya, suna ɗaya amma ya gaza a ƙarfi. Ka sa a rubuta maka 12 a rasit. Kada kuma araha ta ja ka zuwa GTX 1050 Ti ko GTX 1060: Nvidia ta daina yi wa wannan jerin sababbin direbobi na yau da kullum a Oktoban 2025, gyaran tsaro kawai ya rage musu.

Yanzu RX 580 ɗin da aka tallata maka. Kati ne mai tarihi, amma na 2017 ne, kuma ka san dalilin da ya sa ya cika kasuwa da araha? Shi ne jakin masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum. Sun jera su ɗaruruwa suna aiki dare da rana shekara da shekaru, har ranar 15 ga Satumban 2022 da Ethereum ta daina amfani da haƙa da katin hoto, aka kwaso su aka watsa duniya. Wasu an wanke su an sa musu sabuwar fanka da sabon kwali. Wasu an canza musu manhajar ciki don haƙa ba a mayar ba, sai direba ya ƙi su. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, da aka yi don kasuwar China, wanda a ƙarfi RX 570 ne aka sa wa babban suna, kuma macOS ba ta gane shi kai tsaye kamar na asalin. Ka ga arahar nan tana da dalili. A Windows ma AMD ta mayar da wannan jerin gefe tun 2023, ba ya samun kulawar da sababbi ke samu.

Ga kuma wuta, wadda mu a nan ita ce rabin lissafi. RX 580 yana cin wat 185, RX 6600 wat 132, alhali na biyun ya fi na farkon ƙarfi nesa ba kusa ba. Bambanci wat 53. Da ka sa wa kwamfutoci biyar RX 580 suna aiki mai nauyi awa 8 a rana, kwana 26 a wata, rarar ta kai kusan yunit 55. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, sama da naira 12,000 ke nan duk wata, a kan bambancin kawai. Wannan lissafin cikakken lodi ne, aji ba zai kai haka kullum ba, amma in janareta kake tayarwa ka fi ni sanin yadda lita take tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kuma duk wat ɗin da kati ya ci, zafi ne yake fitarwa cikin shagon. A watan Afrilu na Kano, da zafi ke haura digiri 40, tsohon katin da man sanyayarsa ya bushe shi ne farkon mai mutuwa, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa fankar.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka buɗe murfin kwamfutocin ka duba abu biyu. Na farko akwatin wutar ciki, wanda masu gyara ke kira fawa. Siraran kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake kawowa na hannu galibi fawarsu ba ta wuce wat 180 zuwa 240, ba ta da wayar nan mai baki 6 ko 8 da manyan katuna ke buƙata, kuma dogon kati ba ya ma shiga akwatin. RX 6600 da RTX 3060 suna son fawa mai kyau ta wat 500 zuwa 550. In irin siraran nan ne gare ka, kuɗin kati ba shi ne ƙarshen kashewa ba, sai ka haɗa da fawa, wani lokaci har da akwati. Akwai ƙaramin RX 6400 mai cin wat 53 da ke shiga cikinsu, amma ba shi da sashen da ke matse bidiyo, don haka bai dace da mai koyon tacewa ba. Na biyu bakin allonka: sababbin katuna HDMI da DisplayPort suke da su, in allunanka masu VGA ne sai ka sa kuɗin mahaɗi a lissafi.

Ranar saye, ko Beirut Road ka je ko Farm Centre ko ka yi aike Computer Village ta Ikeja, kati ɗaya za ka fara ɗauka, ba uku ba. Ragin sari da kake hange bai kai asarar kaya uku da ba su dace ba. Ka tafi da malamin nan naka da filas mai ɗauke da Ubuntu, domin tana tashi daga filas ba sai an ɗora ta ba. A jona katin a gabanku. A Windows a buɗe GPU-Z, 'yar manhaja ce ta kyauta da ke faɗin ainihin sunan kati da yawan gig ɗinsa, har tana tona wasu na jabu, irin tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna a sayar a matsayin GTX 1050 Ti. A sa shi aiki mai nauyi na minti 20 zuwa 30, ana kallon zafinsa da ƙarar fanka da ko allo zai yi zane-zane. Sannan a tashi Ubuntu daga filas a ga ya kawo hoto daidai. Ka nemi a rubuta lambar jikin katin a rasit tare da kwanakin da za ka iya mayarwa, ko da mako ɗaya ne. Mai kayan da ya amince da kayansa ba zai ƙi wannan ba.

Na aikin za ka fara saye, shi ne zai biya na sauran. Ka ƙirga bidiyo nawa kuke gamawa a mako yanzu, ka sake ƙirgawa bayan wata ɗaya da sa katin. Daga ribar wannan ƙarin ka sayi RX 6600 na farko, in ɗaliban tacewa sun ƙaru ka ƙara na biyu. Abin da ya rage na kuɗin katuna shidan, ka sa wa kwamfutar aikin UPS mai kyau da sitabilaiza kafin damina ta fara wasa da wuta. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa.